Ƙa'idar Gini a Ƙasar Magariya da Dungas: Daga Hannun Magini Zuwa Takardar Gwamnati



Da aka ce kowa ya kawo rubutunsa na wannan fitowa, ni ban sha wahalar neman abin rubutawa ba, don tun daminar 2024 abin ke cina. A watan Agusta na shekarar ina gida hutu, a garinmu cikin ƙasar Dungas, ruwa ya kwana yana zuba. Gab da kiran assalatu muka ji rugugi. Muka fito da tocila, sai ga bangon gabas na ɗakin kawuna a ƙasa, kwano ya rufta kan gado. Ɗakin bulo ne da siminti, shekararsa uku kacal. Allah ya taƙaita, matarsa da yara sun koma ɗakin Inna tun tsakar dare saboda yoyo. A cikin gidan nan kuma akwai soron ƙasa da kakana ya gina tun ba a haifi babana ba. Ko gezau bai yi ba.

Da gari ya waye tsohon ya zo ya tsaya kan ɓaraguzan, ya ɗauki guntun bulo ya murza a hannu, ya zama gari. Ya dube ni, da yake ya san karatun aikin gini nake yi a Damagaram, ya ce, “Kai ɗan lakwal, wace doka aka bi aka yi wannan?” Na ce, “Tsoho, ai akwai doka, tana Yamai.” Ya ce, “To ta yi zamanta can. Ruwa dai nan ya sauka.”

Wannan magana ta sa na shiga bin tarihi. Abin da na gano shi ne ƙa'idar gini iri uku ta bi ta ƙasarmu, ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗakin kawuna bai samu ko guda ba.

Mece ce ƙa'idar gini?

A taƙaice, kundi ne da magini da injiniya da hukuma ke komawa gare shi: zurfin tushe, kaurin bango, yawan simintin da za a zuba, inda za a gina da inda ba za a gina ba, da wanda za a kama in gini ya faɗi. Abin ya daɗe a duniya. Sarki Hammurabi na Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa an sassaƙa dokokinsa a dutse, kuma a ciki akwai hukuncin kisa ga maginin da gidan da ya gina ya rufta ya kashe mai shi. In bango ya karkace ne kawai, maginin zai gyara da kuɗinsa. A Ingila, bayan gobarar da ta cinye Landan a 1666, aka yi doka a 1667 wadda ta tilasta gini da jan bulo ko dutse, ta kuma faɗi kaurin bango. Ku lura, galibi sai an yi asara sannan ake rubuta ƙa'ida.

Ta farko: wadda ke hannun magini

Mirya da Washa da Dungas su ne tsofaffin ƙasashen Sosebaki, waɗanda Damagaram ta rinjaya a ƙarni na 19. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye Birnin Damagaram da ganuwa. Wanda ya taɓa ganin sauran ganuwar nan da fadar sarki ya san ba da ka aka yi su ba. Gini sana'ar gado ce, mai manya da ƙanana. A biranen Hausa irin su Kano akwai Sarkin Magina, a Zariya kuma har yau ana tuna Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a wajejen 1830 zuwa 1840. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da taka ƙasa, ya kai ga miƙa tubali, ya yi shekaru kafin a bar shi ya hau bango.

Na zauna da kakana kwana uku ina rubuta abin da yake faɗa. Wallahi da na jera shi sai na ga kundi ne sosai, babu abin da ya rasa sai lambar shafi.

Lokaci: ba a gini da damina. Ana farawa bayan kaka, a gama kafin hadari ya taso.

Ƙasa: ba kowace ba. Ƙasarmu rairayi ta fi yawa, don haka sai an nemi mai danƙo, a zuba ruwa, a sa ciyawa da kashin dabba, a taka, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake takawa. Tubali kuma sai ya bushe har cikinsa kafin a ɗora.

Tushe: a haƙa har a wuce rairayi a tarar da ƙasa mai tauri. In an yi ta haƙa ruwa ya tsattsafo, kamar yadda yake yi a kwarin Korama, wurin na rake ne da lambu, a bar shi.

Bango: gindi mai kauri, yana hawa yana sirancewa. Ba a ɗora layi da yawa rana guda, sai na ƙasa ya sha iska.

Rufi: azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara ba ta haye fili fiye da kamu huɗu, kusan mita 2 ke nan, ba tare da an tallafe ta ba. Wannan iyaka ita ta haifi bakan gizo da ɗaurin guga, don a sami ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya.

Ruwa: indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. A shafe bango da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa. Masu hali su yi laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Bangon gabas, wanda ruwa ke duka, shi ake fi ba kulawa.

Sai babbar ƙa'ida, wadda tsohon ya maimaita sau uku: yaɓe duk shekara kafin ruwan fari. Ya ce, “Ginin ƙasa kamar doki ne, ranar da ka daina kula da shi ranar ya fara mutuwa.”

Wa ke hukunta wanda ya saɓa? Gari. Maginin da bangonsa ya zube ba ya sake samun aiki, kuma abin ya bi ƴaƴansa. Kowa ya san kowa, ka gane? Har ramin da aka ɗebi ƙasar ma yana da aiki: shi ke zama kududdufi, ruwan unguwa ya gangara can.

Ta biyu: wadda ke zauren malam

Wannan ta ba ni mamaki, don na karanta ta tun ina yaro ban san ƙa'idar gini nake karantawa ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, da wuya ka shiga makarantar zaure daga Magariya zuwa Dogo-Dogo ba ka tarar da shi ba. A babin shari'a da shaida ya yi maganar maƙwabtaka: an hana mutum buɗe taga inda zai riƙa leƙen gidan maƙwabci, ko ya sa ƙofarsa daidai da ta maƙwabci, ko ya haƙa abin da zai cuce shi ko da a cikin filinsa ne. In an yi gardama kan bango, a duba wanda gininsa ya sarƙe da shi. An so mutum ya bar maƙwabci ya kafa azara a bangonsa, amma alƙali ba zai tilasta shi ba. A hadisi kuma an ƙayyade faɗin hanya da kamu bakwai in an yi saɓani.

Malaman Malikiyya sun faɗaɗa wannan fanni ƙwarai. A Tunis an yi wani magini, Ibn al-Rami, a ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake shari'a a kansu. Ya tara abin da ya gani da hukuncin malamai ya yi littafi guda kan hukunce-hukuncen gini. Ku duba fa, magini ne, mai ƙasa a farce, ya rubuta kundin da alƙalai ke dubawa.

Tsakanin waɗannan biyu aiki ya rabu daidai. Magini ya san yadda bango zai tsaya, malam da mai gari sun san inda ya halatta ya tsaya. Zaure da katanga mai tsawo da lungu mai lanƙwasa da muke gani a tsofaffin unguwanni, duk akwai hannun wannan ƙa'ida a ciki.

Ta uku: wadda ke takarda

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 su da Ingilishi suka kafa alamun iyaka, Magariya da Dungas suka faɗo ɓangaren Faransa, Ɓaɓura da Maigatari suka faɗa na Ingila. Damagaram ta zama hedikwatar mulki daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Nasara ya zo da mita da igiyar awo da taswira, ya yanka unguwarsa da tituna miƙaƙƙu dabam da Birni da Zango. Dokar 1932 ta tsara rajistar filaye a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, ta 1935 kuma ta sa hannun hukuma kan itatuwan daji.

Amma wa aka yi wa wannan takarda? Ofishin kwamanda da bariki da kantunan kamfanonin da ke sayen gyaɗar Magariya. Magina namu ne suka yi aikin, da yawa cikin aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. An ɗauki hannunsu, ba a tambayi iliminsu ba. Gidan talaka kuwa ba ruwan takarda da shi. Tun daga nan aka raba gini biyu a bakin hukuma: na siminti shi ne “mai ɗorewa”, na ƙasa kuma na wucin gadi. Wannan rabo ya shiga kanmu har yau. Saurayi ya je Kano ko Libiya ya samo kuɗi, abin da zai fara yi shi ne ya rushe ɗakin ƙasa, ko da lafiyarsa lau.

Bayan ƴancin kai a 1960 mun gaji dokar farar hula ta Faransa, wadda tun 1804 take ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin gini har shekara 10. Mutum nawa a garinku suka san wannan? Lissafin kankare da ake koya mana a aji ma na Faransa ne, wanda ake kira BAEL. An yi dokar filayen karkara a 1993, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, izinin gini ya zama aikin ofishin magajin gari. A 2011 aka cire Dungas daga Magariya ta zama gunduma mai kanta. A 2017 aka yi dokar tsara birane, a 2018 kuma dokar da ta kafa ginshiƙan gini da muhalli. Nijeriya ma ta fitar da nata kundin a 2006. Ashe dai ban yi wa tsoho ƙarya ba, akwai doka.

Inda aka faɗa rami

To me ya kada ɗakin kawuna? Na bi abin ɗaya bayan ɗaya.

Filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara da rairayi, don gari ya cika, fili ya yi tsada. Ƙa'idar tsoho ta hana, ta takarda ma ta hana. Tushen bai kai kamu guda ba. Bulon kuma mai bugawa ya ja buhu ɗaya ya fitar da kusan ninkin abin da ake koya mana, ya shanya a rana ba ban ruwa, kwana biyu aka ɗora. Alhali siminti sai an yi kamar mako ana ba shi ruwa, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Kankaren da ke ɗaukar nauyi ana zuba masa kilo 350 na siminti a kowace kubik mita, buhu 7 ke nan. A ɗakin kawu ba ginshiƙi a kusurwa, ba ɗaurin rodi a sama. Ruwan kwano kuma yana zuba daidai gindin bango.

Maginin ba mugu ba ne, na san shi. Ya koyi aiki ne yana leburanci a ƙetaren iyaka, wata shida ya sayi cokali ya zama oga. Shi yana lissafi da inci, bulo mai inci 6 da mai inci 9, takardarmu tana magana da santimita 15 da 20, da Faransancin da bai taɓa karantawa ba. Bai zauna gaban tsofaffi ya koyi ta farko ba, ta uku kuma ba ta taɓa zuwa inda yake ba. Na ce da kawu, “Kawu, don me ba ku nemi izini ba?” Ya ce, “Ɗana, kuɗin buhu nawa zan kai ofis kafin in sayi buhu ɗaya?” Ban sami amsa ba. Shi ma da hannunsa a ciki, don shi ya ce a ja simintin. Talauci ma injiniya ne, sai dai mugun injiniya.

Haɗa tsoho da sabo ba ilimi shi ma yana kisa. Sau nawa muka ga an shafe bangon ƙasa da siminti don a huta da yaɓe? Simintin ya tsage, ruwa ya shiga baya, ba hanyar fita, ƙasa ta jiƙe a ɓoye. Daga waje bango tas, rana ɗaya ya sulale.

Kada wani ya ce ina kiran a koma jiya. Ƙa'idar tsoho ita ma tana da iyaka. Giginya ta yi ƙaranci, kuma tana cikin itatuwan da ba a sara sai da izini. Samarin da ke gayyar yaɓe sun tafi cin rani. Ruwan ma ya canza hali, na wata guda ya sauka dare ɗaya. A daminar 2024 sama da mutum 300 suka rasu a Nijar, da dama gini ne ya faɗa musu. Ranar 3 ga Satumba na shekarar tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Kafin nan, ranar 11 ga Agusta 2023, wani sashe na masallacin Babban Gwani a Zariya ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka, kuma an ga tsaga a bangon tun kwana guda kafin nan. Gine-ginen nan sun haura shekara 170 a tsaye, wannan shaida ce ga magina na da. Faɗuwarsu kuma shaida ce cewa ƙa'idar da ke cikin kai kaɗai ba ta wadatar ba: ana bukatar mai duba gini, da ikon cewa kowa ya fita yau.

An kuma nuna a ƙasar nan cewa ƙasa da lissafi suna haɗuwa. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Tun wajen 1980 ake koya wa magina a Nijar gini marar katako, rufin tulluwa da baka na tubali zalla, ba azara ko ɗaya. A Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina masallaci da bulon ƙasa matsattse, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018, kuma da magina na wurin aka yi aikin.

Namu aikin

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. To ina amfanin wannan in kundin da zai hana ɗaki faɗa wa yara bai iya Hausa ba?

Ga abin da nake roƙon ƙungiyarmu. Injin da ke buga wannan ɗan littafi zai iya buga takarda mai shafi huɗu, da boko da ajami, da zane don wanda bai yi karatu ba. A sa abin da kowane magini da mai gida ya kamata su sani: inda ba a gini, zurfin tushe a rairayi, bulo nawa a buhu, kwana nawa na ban ruwa, inda ake sa rodi, yadda inci ke komawa santimita, alamar tsagar da ake kwashe yara saboda ita. A sa na ginin ƙasa daidai da na siminti, ba a matsayin ƙanensa ba. Masu karatun gini su kawo lissafi, mu kai wa malamanmu su duba kafin a buga, don kuskure a nan rai ne. Masu karatun shari'a su fassara mana dokar 2018 da maganar shekara 10 cikin Hausar kasuwa. Masu tarihi da harshe kuma, kowa in ya je hutu, daga Bande har Malawa, ya nemi tsohon maginin garinsu ya zauna da shi da biro. Su fa ba su da yawa, kuma ba jiranmu za su yi ba.

Wannan takarda ba za ta maye gurbin doka ba, ba kuma za ta sa siminti ya yi araha ba. Amma wanda zai ja buhu, aƙalla ya san abin da yake saye da ragin.

Kawu ya sake gini bana, a wani fili kan tudu. Ni na riƙe mita da takarda, tsoho yana zaune kan turmi da sandarsa. Da aka haƙa tushe na auna na ce ya isa. Ya taso ya caka sanda a ramin, ta nutse. Ya ce, “Ɗan lakwal, takardarka ta ƙoshi, ƙasa ba ta ƙoshi ba. Ku ƙara kamu guda.” Muka ƙara. Da aka zo ɗaurin rodi kuwa shi ya yi shiru, ya ce wannan ba a zamaninsa aka yi ba, in faɗa a ji.

Wanda ke son shiga aikin takardar nan ya same ni bayan taronmu na gaba. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.